Gwangwanin Nomau

Shekara shida yana ƙarƙashin teburi
a rumfarmu ta bakin tasha,
inda masu jiran motar Ƙonni ke gyangyaɗi kan buhuna.
Yau na jawo shi ina neman ƙusa,
sai ga guwash ɗin Nomau:
ja, shuɗi, rawaya, farin da ya kusa ƙarewa,
duk sun daddare kamar bakin tabki in rani ya yi nisa,
kowane launi da tasa tsagewa.

Ranar da na fara zuwa ya ce in ɗanɗana.
Na sa harshe, na yamutsa fuska.
Ya ce, "Ƙaro ne da alli, yaro,
ƙaron da ake ɓamɓarowa jikin dakwara.
Shi ya sa ba ya ƙyalli, ba ya rawar kai.
Kuma ba mutuwa yake ba, barci ne,
mai tashinsa ɗigon ruwa."

Ya nuna robar akirilik da haɓa.
"Wancan ɗan'uwan leda ne.
Kafin ka amsa sallama ya kama.
Bar buroshi cikinsa ka tafi azahar,
ka dawo ka tarar da tsinke."
Uku na kashe kafin maganar ta shige ni,
jika da rabi kowane,
ya cire a kuɗin furata har damina ta wuce,
bai ko ɗaga murya ba. Haka zafi yake a Tawa,
fenti ma ba ya jiran mai shawara da zuciyarsa.

Aikina na farko allon Tsahiru mai aski,
kawuna biyar, kowane da salonsa.
Na yi da guwash a ɓoye, don ya fi bin hannuna,
in na kauce sai in jiƙa in maido.
Aka kafa shi Laraba.
Daren Alhamis hadari ya taso daga gabas.
Da safe kawunan sun gangara har ƙasa,
saura kunne ɗaya da rabin lambar waya.
Tsahiru ya ce, "Aski na ce ka zana mini,
wa ya sa ka wanka?"
Nomau ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
sannan ya miƙo mini robar da nake gujewa.

Tun ranar na san rabonsu.
Bango, ƙofar ƙarfe, bayan tirela, duk na akirilik ne,
shi ke tsayuwa gaban rana da ruwa.
Takarda da inuwar ɗaki na guwash,
mai sauya magana in ya bushe:
duhun ya ɗan washe, hasken ya ɗan dusashe,
in ka jibga shi da kauri ya fashe maka.

Da ya rasu na ce zan zana shi da abin da ba ya wankuwa.
Na sami goshin, na sami hular da ta sha launi.
Bakin ne ya ƙi.
Kafin in gane kuskure ya riga ya kama.
Na shafe, na sake, na shafe, sau bakwai,
har wurin ya yi tudu,
kuma in rana ta karkato da yamma
bakin farko na nan ƙasa yana leƙowa.

Yanzu ga gwangwanin kan cinyata.
A tsakiyar shuɗin akwai sawun babban yatsansa,
inda yake dannawa ya ji ko ya yi laushi.
Buta na nan kusa da ƙafata.
Ɗigo ɗaya, shuɗin zai farka kamar jiya aka rufe shi,
sawun kuma ya narke ya bi buroshi.

Mai kanti ya aiko yaro, allonsa yake jira.
Na ce a gaya masa ina zuwa.