Kwana Uku Tukunya a Kife

Ni ne Mairiga mai tsire,
a bakin kasuwar ƙauyenmu, hagu da hanyar Zuru.
Ƙoƙon burkutu bai taɓa leɓena ba, Allah shaida,
amma shekara tara ke nan
hayaƙina da na Rifkatu
ke gamuwa a reshen ɗorawa ɗaya.

Ran Talata magatakarda ya zo a babur,
ya manna takarda a jikin itacen,
hatiminta ja, kamar an yanka zakara a kai:
daga jajibere har kwana uku na ƙaramar Sallah,
ba dafawa, ba aunawa, ba ko ɗanɗane.
Na ce, "Madalla!"
Da ƙarfi na faɗa, don liman na wucewa.

Rifkatu ba ta tanka ba.
Tukunya biyu sun riga sun taso, suna kumfa,
abin da ya nuna kuwa ba ya jiran a sauko Idi.
Ta kira ɗiyarta suka kama kunne da kunne,
suka tuttule dawar bashi a kwata.
Agwagin Dantani suka sha rabonsu,
suka wuni suna tangaɗi, suna gaida katanga.
Yara suka yi dariya. Ni ma na yi.

Sannan na yanka akuyar da ban biya ba,
na soke tsinke ɗari, na barbaɗa ƙuli da yaji,
na zauna jiran 'yan Sallah.
'Yan Sallah suka wuce da sababbin riguna,
ciki cike da shinkafar gida,
suna ɗaga mini hannu daga nesa.
Ashe masu cin tsirena
su ne masu zaman bencin nan da aka jingine.
Ƙuda ne kaɗai ya cika alkawari.

Rana ta biyu Ishaya tsohon soja ya zo,
rediyo a kafaɗa, maƙogwaro a bushe.
Ya ce, "Ka ji? Can ƙasar mabiya Buda
in ranar ibadarsu ta kama,
hukuma kan sa a rufe sayar da giya.
Ubana ya yi yaƙin Bama, ya gan su,
kai a aske, mayafi ruwan goro, ƙafa ba takalmi.
Ashe ƙishirwa ma tana da dangi a nesa."
Na ce, "To, can akwai mai tsire?"
Ya dube ni, ya dubi nama,
ya lalube aljihu, ya fito da goro rabi.

Ba zan ɓoye ba, ƙauye ya yi barci.
Ba a fasa wa kowa kai ba.
Matar Dantani ta ga kuɗin taki da idonta,
ta ƙulle a haɓar zane, ta yi ƙulli biyu.
Wannan ma gaskiya ce,
tana zaune a gefen tawa, ba ta matsa mini ba,
ni ma ban kore ta ba.

Daren ƙarshe na aika mata tuwon Sallah, yadda aka saba.
Kwano ya dawo a wanke,
da kuɗin tsire biyar a ciki, a naɗe.
Na san gidan ba mai haƙorin naman jiya.

Da asuba ruwa ya sauka, takarda ta jiƙe,
jan hatimi ya gangaro a ɓawon ɗorawa.
Na ji ƙarar tukunya ana birkito ta,
na ji ana faskare.
Liman ya wuce, ya yi mini sallama, na amsa.
Ban ce madalla ba, ban ce kaito ba.
Na durƙusa ina hura garwashi,
hayaƙi ya shiga mini ido.