Ido Ba Mudu Ba Ne

Ranar Talata nake zuwa laburaren Kuusamo
bayan na tashi daga gidan waya,
in duba kwamfutoci shida da ke jikin bango.
Ba a biyana. Tuovi ce ke ba ni kofi
da burodi mai kirfa, wani lokaci biyu.

A watan da rana ke leƙowa awa uku ta koma
na sauya abin da ke zana hoto a allo.
Na sauke tsohon X, wanda ya girme ni,
ya girmi motar mahaifina,
na ɗora Wayland.
Na ja taga da linzami, ta bi hannuna sumul
kamar kwalekwale a tafkin da ba iska.
Hoto ya daina yagewa a tsakiya.
Na ce wa Tuovi, ya nuna, ya isa ci.
Ta ce to,
ta ci gaba da manna lamba a gadon bayan littattafai.

Yaran makaranta ba su lura ba.
Matar da ke cike takardar haraji ba ta lura ba.
A sana'ata wannan shi ne yabo,
a wuce aikinka ba a waiwaya ba.

Sai Kalervo Pätsi ya shigo,
yana karkaɗe ƙanƙara daga hularsa.
Shekara talatin yana tuƙa bas zuwa Oulu,
idon hagu ya riga ya tafi,
na dama yana ɗaure kaya.
Kullum kwamfuta ta huɗu yake zama,
don a cikinta na sa masa 'yar manhaja
mai kumbura harafi ya kai girman babban yatsa,
rawaya a kan baƙi.
Ya danna. Shiru.
Ya sake dannawa, ya goge tabarau da gefen riga.
Ya kira 'yarsa Sanelma a Tromsø
ta leƙa allon ta karanta masa, yadda suka saba.
Ta ce, Baba, duhu kawai nake gani.

Na tsuguna kusa da shi ina bayani.
Na ce sabon yana da ladabi,
ba ya barin taga ta leƙa maƙwabciyarta
sai da izini, don ɓarawo ma ta nan yake bi.
Na ce akwai wata hanyar, ana gina ta.
Ya saurare ni har ƙarshe, direba ne, ya iya jira.
Ya ce, yaro, ban ce ba shi da kyau ba.
Wasiƙar asibiti ce ban gani ba.

Daren nan muka yi musu da Ilmo a ɗakin gumi.
Ya ce gada ba ta ƙarfi sai an taka ta,
in kowa ya jira, wa zai gano ramin?
Na ce gaskiya ne,
amma ba makaho ake turawa gaba ba.
Ya watsa ruwa a dutse, tururi ya raba mu.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.
Da safe na koma kafin a buɗe,
na maido da tsohon a kwamfuta ta huɗu.
Na rubuta wa masu ginin abin da ya faru,
da sunan manhajar, da lambarta,
ban sa zagi ba, su ma kyauta suke yi.
Tuovi ta manna takarda a gefen allon: Ta Kalervo.

Ƙarfe goma ya zo.
Ya ce, to, abin naka ya nuna?
Na ce biyar sun nuna.
Bai amsa ba, ya riga ya kama linzami,
haruffa na tasowa ɗaya bayan ɗaya, rawaya:
Alhamis, ƙarfe tara da rabi,
kada ka ci komai.