Mataji daga Magiddo

Asabar ce, ƙanƙara ta rufe Shikago.
Na sauko daga aikin dare ban runtsa ba,
Liyatu ta riƙe min gefen riga:
"Mama, kin yi alkawari."
Muka hau bas zuwa gidan kayan tarihi na jami'a,
takalmanmu na ɗigar gishiri da ruwa.

A wani lungu, bayan gilashi,
na karanta sunan, gabana ya faɗi.
Magiddo.

Sunan da Baba Irimiya ke ɗaga murya da shi
a majami'ar laka ta Gidan Jatau,
rufin kwano na amsa masa:
can sarakunan duniya za su yi gangami,
can za a yi karon ƙarshe,
ƙasa ta ƙoshi da mazaje.
Ina 'yar shekara bakwai, na cusa kai a zanin Inna,
na ɗauka dutse ne mai aman wuta.

Ashe tudu ne.
Gari kan gari, kufai kan kufai,
sun haura ashirin, in ji rubutun bango,
kamar masar da aka jera a kwano.
Kowane sarki ya share tokar na gabansa,
ya aza tubali, ya ce nasa ne mai daɗewa.
Masar ta bi ta nan da karusai,
Assuriya ta bi,
don mai gida a bakin hanya
ba ya rasa baƙo,
wani da sallama, wani da takobi.

To me suka haƙo, masu hular rana,
da suka yi shekaru suna tankaɗe ƙasa?

Mataji.
Na hauren giwa, ya rine kamar bakin mai cin goro,
wasu haƙoransa sun zube.
Wata mace ta taɓa zama da shi a inuwa,
'yarta tsakanin gwiwoyinta,
tana cewa, tsaya mana, saura kaɗan.
Shekara dubu uku ke nan.
Kusa da shi allon wasa mai ramuka,
ɗan'uwan darar da tsofaffi ke bugawa a gindin ɗorawa.
Ban san wanda ya ci ba.
Wataƙila ihu aka yi daga kan ganuwa,
kowa ya tashi ya bar 'ya'yansa a rami.

Liyatu ta manna hanci a gilashi.
"Nan ne za a yi yaƙin ƙarshe?
To ina makaman?"
Mai gadi ya yi gyaran murya,
ta ja baya, ta bar tambarin numfashinta.

Da Baba na nan, da ya ba ta amsa,
aya bayan aya, yana kaɗa yatsa.
Damina uku ke nan da aka binne shi.
Ban je ba, takarduna ba su fito ba.
Ta waya na ji ƙarar ƙasa a kan akwati,
sai katin ya ƙare.

Ban daina gaskatawa ba, Baba.
Ranar tana tafe,
kuma Mai ranar bai ba kowa kwanan wata ba.
Sai dai ka gaya mana na ƙarshen,
ba ka gaya mana cewa tudun nan
ya sha ganin ƙarshen duniya ba,
kuma duk lokacin, da gari ya waye,
sai wata ta fito daga maɓoya
ta ture gawayi da ƙafa,
ta nemi tulun da bai fashe ba,
ta gangara neman ruwa.

Mun dawo gida da magariba.
Na kunna abin ɗumama ɗaki, yana ta ƙwanƙwasa.
Gobe Lahadi, kan Liyatu duk ya cukurkuɗe.
Na zauna a bakin gado, ta zauna a ƙasa,
matajin roba, dala ɗaya na saye shi.
A talabijin ana nuna hayaƙi
a wata ƙasa da ba ta da nisa da tudun.
Na rage sauti.
Ta ce, "Wayyo, Mama, da zafi."
Na ce, tsaya mana.