Majemi a Ƙofar Ɗakin Masu Ƙuna

Shekara arba'in hannuna na cikin ruwan bagaruwa,
farcena ya rine, ba ya komawa fari.
Miƙo mini fata, idona a rufe,
in gaya maka ta akuya ce ko ta tunkiya,
in gaya maka ko wuƙar mahauci ta yi gaggawa.
Duk Tawa an san ni da wannan.

Amma ta Abarshi, ban gane ta ba.

Kwalaben mai yake jerawa a bakin hanyar Ƙonni,
goma sha biyu bisa tebur, mazurari ɗaya.
Wani ya tsaya da babur, taba a baki.
Iyakar labarin ke nan.
Sauran ƙirji ne, da hannu biyu, da rabin wuya.

Dare guda muka yi a mota zuwa Yamai,
uwarsa na yi masa fifita da faifai.
Duk ramin da taya ta faɗa,
a bakinsa muke jin zurfinsa.

Yau kwana goma sha tara ina bisa tabarma
a gindin ɗakin da ba a shiga da takalmi.
Na ce wa likita: ga bayana, yana da faɗi,
ku yanka, ni ma na san inda ake fara fiɗa.
Hamsatu sunanta, Bazabarma, Hausarta a hankali:
"Baba, jiki ba ya riƙe baƙo.
Ko ta uba ce, kwana kaɗan zai kore ta."
A cinyarsa za su ɗiba, in ji ta,
a tsattsaga, a ja kamar ragar masunta,
ta rufe abin da za ta iya rufewa.

Bayan la'asar ta dawo da wayarta.
"Dubi abin da ake yi a wasu ƙasashe."
Ɗan faranti na gilashi, ruwa ja-ja a ciki.
A yanko fatar mutum, ba ta fi kwabo ba,
a ba ta ɗumi kamar ƙwai a ƙarƙashin kaza,
a ba ta abinci,
sati uku ta yaɗu, ta cika faranti bayan faranti,
siririya kamar ɓawon albasar Galmi.
A ɗauko da numfashi a riƙe, a shimfiɗa wa mai ita.
Jiki ya shinshina, ya ce: tawa ce.

Sau uku na sa ta maimaita.

Ni duk fatar da ta zo hannuna
mai ita ya riga ya tafi.
In jiƙa, in kankare, in ja ta da turaku,
rana ta bugo, ta koma ta tsuke.
Ban taɓa ƙara mata ko taƙi ɗaya na gaskiya ba.
Ashe akwai majemar da ake shuka a ciki.

Na tambayi kuɗi, ta dubi ƙasa.
Na tambayi nisa, ta dubi inda jirgi ke wucewa.
Ban ƙara tambaya ba.

Jiya na gangara bakin kogi wajen Gamkalle,
warin jima ya tarbe ni kamar ɗan'uwa.
Suka ce bismillah, ga kwatarniya.
Na tsuguna, na kasa sa hannu.

Da asuba Abarshi ya farka yana faɗa,
wai wani direba bai biya shi jika biyu ba,
wai kafaɗarsa na ƙaiƙayi, a sosa masa.
Hamsatu ta ce kar wanda ya taɓa,
ta kira ni, ta ɗaga gefen bandeji:
wani zare ja-ja, bai kai faɗin ƙwayar hatsi ba,
yana rarrafowa daga bakin ciwon zuwa tsaka.

Na daɗe a sunkuye.
Hannuna biyu na ɓoye a baya,
kada su yi abin da suka saba.