Shokazoba Huɗu

Motar Baba ja ce, kujera biyu, ba rufi,
ta girme ni da shekara tara.
Sati uku ke nan tana garejin Amílcar a Lamego,
an ɗage ta sama, tayoyinta na reto
kamar yaron da aka ɗora a kujerar manya.

Amílcar ya zaro na gaba, ɓangaren hagu,
ya danna shi da hannu guda, ya shige ba gardama.
Baƙin mai ya bi yatsunsa.
Ya ce, Graciete, wannan ya daɗe da mutuwa,
binne shi ne ba a yi ba.

Sai ya jera kwali uku a kan benci.

Na farko rawaya ne, mai gas, mai taurin kai.
Shi ke manne mota da ƙasa a kwana,
amma duk tsakuwar da taya ta taka
sai ka ji ta a haƙori.
Na biyu baƙi, mai ne zalla a cikinsa,
irin wanda ta baro kamfani da shi,
mai haƙuri, mai yafe wa hanya laifinta.
Na uku yana da ɗan maɓalli a gindi,
ana murɗa shi daga ɗaya har goma sha biyu,
guda huɗu sun cinye albashina na wata har da ɗori.

Baba bai ko dubi sauran ba.
Ya nuna rawayan da bakin sandarsa.
Da irinsa, in ji shi, ya hau dutsen nan yana saurayi,
ya bar mutum goma sha ɗaya suna shan hayaƙinsa.
Labarin nan na haddace shi tun ban iya ɗaura takalmi ba,
wata rana sha ɗaya ne, wata rana sha huɗu.

Ni kuwa na ga hoton da likitan Vila Real ya ɗauka,
ƙarfe biyu a ƙugu, ƙusa shida.
Na san hanyar da ta gangara kogin Douro,
duwatsu ne aka jera da hannu tun zamanin kakanni,
ba wanda ya yi kai ɗaya da ɗan'uwansa.
Na san yadda yake cije leɓe in zai zauna,
ya ce takalmi ne ya matse shi.

Amílcar yana goge sifana, bai dube mu ba.
Ya ce, sifirin ne ke ɗaukar nauyi.
Shokazoba aikinsa guda,
in an daki mota sau ɗaya
kada ta yi ta rawa har gobe.

Na biya kuɗin na ukun.
A bayan gareji na raɗa masa, sa shi a uku,
in ya tambaya ka ce tara.

Ranar Asabar aka sauke ta.
Baba ya jingine sanda, ya dafa gefen bonet, ya danna.
Ta nutse, ta taso, ta tsaya cak.
A nawa yake? Tara, Baba.

Shi ya tuƙa. Gonakin inabi hawa-hawa a damanmu,
giya ta biyu, ta uku, iska ta kwashe masa hula
bai ko waiwaya ba.
Muka shiga jerin duwatsun nan,
ina kallon leɓensa, bai cije ba.

A bakin kogi ya kashe inji.
Ƙarfe na ta ƙas-ƙas yana hucewa.
Ya daɗe yana shafa sitiyari kafin ya ce,
shekara hamsin ina zaune a kujerar nan, yarinya,
wannan taran taku uku ce.
Gobe ki ce wa Amílcar ya mayar da ita biyu,
kuma ki koma ki nemo mini hulata.