Gumin Bodari

A Kuwesalan, can kan duwatsun Meziko,
inda gajimare ke saukowa ya kwana a gari,

kakata Eustoliya ta ɗora baƙin wake
a tukunyar ƙasa mai tsagaggen baki,
ta ce, "Kasilda, zaga bayan ɗaki,
tsinko min ganyen nan, yi sauri."

Ba wanda ya shuka shi.
Gindin katanga ya fito, gefen akurkin talo-talo,
bakin ganyensa kamar zarto.
Na murza, na kai hanci,
na ja da baya ba shiri.

Ta yi dariya har gibinta ya bayyana.
"Sunansa ne ya mare ki.
Epasote. Ɓare shi biyu kamar gyaɗa:
epatl a nan, tsotl a can.
Da harshenmu na Nawat,
gumin bodari."

Na ce, "Kaka, abin da za a ci,
a rasa sunan raɗa masa sai zagi?"
Ta ce, "Mai raɗin hancinsa ya bi.
Manomi ne, ba ya kirari."

Sai da wake ya yi laushi ta jefa reshe biyu.
"Wake ba shi da kunya, sai da mai tsawata masa.
Ranar da na manta, cikin kakanki
kwana yake yana rugugi kamar hadari."

Baƙi sun zo ta teku da daɗewa,
sun sake wa garuruwa suna, sun sake wa mutane,
ni ma nawa daga jirginsu ya sauko.
Wannan ciyawa dai sun kasa,
ko sun toshe hanci ne sun wuce,
ta zauna da sunanta na fari.

Shekara tara ke nan da rufe kaka.
Harshen da take ciniki da shi,
take faɗa da kaji, take roƙon ruwa,
na bar shi a ƙofar makaranta.
Abin da ya rage min bai cika tafi ba,
sauran ya bi ta kabari.

Yau a birnin Puwebla, hawa na huɗu,
yana tsaye a gwangwanin madara bakin taga.
Ɗana Ilariyo ya murza, ya yamutsa fuska,
ya ce, "Mama, wannan wari fa?"
Na rage wuta, na jawo kujera.
Wake bai nuna ba tukuna,
akwai lokacin labari.