Ranar Miƙa Makulli

Yau na kwashe takarduna daga ofis.
Kwali bakwai. Dogara direba ya ƙirga,
ya ce, "Hajiya, duk wannan karatu ne?"
Na ce rabi karatu,
rabi wasiƙun da aka ce mini ana dubawa.

Ni Lantana 'yar Barau, mai tsaron injin saƙa,
a Kakuri aka binne cibiyata.
Jiniyar masaƙa ce agogonmu:
ta yi kuka da asuba, unguwa ta tashi,
ta yi da yamma, tukwane su hau murhu.
Ran da aka liƙa sunaye a bango,
Baba ya dawo da rana tsaka, hula a hannu,
ya zauna bakin ƙofa, bai ce uffan ba.
Wani, a ofishin da ban taɓa gani ba,
ya ja biro a kan takarda,
tuwonmu ya koma sau ɗaya a yini.
Nan na soma kimiyyar siyasa
tun ban san tana da suna ba.

Shekara talatin ina cin alli.
Na koya wa yara yadda ake raba iko,
yadda kasafi ke fita da ƙiba daga majalisa
ya iso ƙauye a rame kamar kazar mayu.
Na rubuta kundi a kan haka, aka tafa.
Kwamiti goma sha ɗaya na zauna,
aka sha shayi, aka ɗauki hoto,
rahoton yana can cikin durowa,
gara ce kaɗai ta karance shi daga bango zuwa bango.

Sai aka ba ni jami'a.
Na shiga da littattafai a ka,
na tarar da kuɗin wuta a kan tebur,
famfon ɗakin kwanan mata ya ƙafe,
janareta na tari,
ga ɗan katin wani babba:
a taimaka wa yaron nan, namu ne.
Abokan da muka ɗaga kwali tare a yajin aiki
su suka garƙame mini ƙofa wata biyar.
Ban ga laifinsu ba.
Da ina waje, da ni zan sayo kwaɗon.

Akwai abin da ban faɗa ba a jawabin ban kwana.
Shekara ta uku, asusu ya bushe.
Aka kawo mini sunaye arba'in da uku,
masu shara, masu yankan ciyawa.
Na jinkirta kwana tara.
Na goma na ja biro.
Washegari ta taga na hango Malam Tanimu,
wanda ke ba furannin ƙofata ruwa,
tsaye gaban allon sanarwa,
hula a hannu.

Ba littafin da ya gaya mini
hannun da na girma ina tuhuma
yatsu biyar gare shi, kamar nawa.

An gina ɗakin karatu, gaskiya ne.
An yaye dubbai, an sa sunana a jikin dutse.
Magajina ya karɓi makulli yana murmushi,
na so in ce masa kujerar tana da ƙaya,
sai na tuna ni ma an gaya mini.

Mun hau gada, kogin Kaduna ya cika ya batse,
ruwan Agusta ja wur, yana jan itace.
Na ce Dogara ya bi ta Kakuri.
Ciyawa ta haura katangar masaƙa,
awaki na kiwo inda Baba ke jingine keke.

Ran Litinin zan koma aji,
'yan shekarar farko, ƙarfe takwas.
Zan rubuta tambaya ɗaya a allo:
wa ya sa hannu, wa ya kwana da yunwa?
In wani yaro ya ɗaga yatsa ya ce,
"Malama, ke fa?"
zan ajiye alli, in ja kujera,
in fara daga Malam Tanimu.